Gem ɗin da kwamfuta ke ƙera wa kanta: me ya kamata iyaye su sani?

Mu da ke sana'ar waya a ƙasar baƙunci mun san tambayar yara ta farko idan an sai musu sabuwa: "Baba, tana cin gem?" Shi ya sa nake bibiyar yadda ake ƙera waɗannan wasanni, domin abin ya fara sauya salo.

A da, yawancin gidaje, bishiyoyi da kalmomin da ke cikin gem, mutum ne ya zana ko ya rubuta. Yanzu akwai manhajar da aka tsara bisa kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ana nuna mata bidiyon wasa mai ɗimbin yawa tare da maɓallan da aka danna, har ta gane cewa in an danna kaza, hoto kaza ne ke biyowa. Daga nan sai ta riƙa zana hoton gaba da kanta.

A 2024 masu bincike na Google sun nuna GameNGen, wadda ta kwaikwayi tsohon wasan Doom na 1993, tana fitar da hotuna kusan 20 a daƙiƙa guda. A 2025 Microsoft ma ya fito da tasa mai suna Muse. Har yanzu dai suna da mantuwa: ka juya baya ka waiwayo, wani lokaci ka tarar wurin ya canja.

Inda abin ya shafe mu iyaye shi ne magana. A watan Mayun 2025, wasan Fortnite ya saka Darth Vader mai amsa wa ɗan wasa kai tsaye, da muryar marigayi James Earl Jones. Ba a jima ba wasu suka ja shi ya yi ashar, sai da kamfanin ya yi gaggawar gyarawa. To ka ji. Maganar da ba a rubuta tun farko ba, babu mai iya tantance ta gaba ɗaya kafin ta shiga kunnen yaro.

Ma'aikata ma abin ya taɓa su. Masu ba da murya a wasannin bidiyo a Amurka sun shiga yajin aiki a Yulin 2024, suka kai kusan shekara guda, don kada a kwafi muryarsu ba izini ba biya.

Ni dai ba na ba da shawarar a ƙwace waya; yaro zai je ya buga a ta abokinsa. Abin da na fi gani shi ne mu duba shekarun da aka rubuta a jikin gem, mu kunna saitin kulawar iyaye, mu kashe hirar murya ga ƙanana, kuma kada mu bar katin banki a wayar da ke hannunsu. Yaron da ke son zane kuwa, a ƙarfafa masa ya koyi yadda ake sarrafa waɗannan manhajoji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.