Tasawa da Mayayi: yaron da lakwal ta manta da shi

Ranar kasuwar Tasawa, duk wanda ya tsaya bakin tasha zai ga makaho riƙe da sanda, yaro ɗan shekara takwas ko tara yana jansa daga rumfa zuwa rumfa. Mutane na miƙa sadaka su wuce. Kaɗan ne ke lura cewa ɗan jagoran nan ba ya zuwa makaranta, kamar yadda wanda yake ja bai je ba a zamaninsa.

Naƙasa a wannan yanki tana da asalin da aka sani. Sanƙarau, wanda ya yi mummunar ɓarna a Nijar a 1995, yakan bar yaro da kurumta ko da ya warke. Ƙyanda da amodari suna cinye ido, shan inna kuwa ta gurgunta yara da dama. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa kimanin mutum 4 cikin 100 a ƙasar suna da wata naƙasa.

A takarda, an daɗe da tanadi. Dokar 93-012 ta watan Maris 1993 ta shimfiɗa ƙa'idojin kare naƙasassu, har ta keɓe masu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ambaci ilimi na musamman, kuma a 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Sai dai gurbin aiki yana jiran mai takardar shaida ne, takarda kuwa a aji ake samunta.

Makarantun musamman na cikin manyan birane: ta makafi mai sunan Soli Abdourahmane da ta kurame mai sunan Hassane Bana Ba a Yamai, sai makarantun kurame a Maraɗi da Damagaram. Tasawa na da nisan sama da kilomita 100 daga Maraɗi. Manomin Urafan ko na Kanambakashe ba zai iya tura ɗansa ɗan shekara bakwai birni ba tare da masauki ba, balle ɗiya mace. Saboda haka hanyar da ta rage ita ce wadda taron Salamanka na ƙasar Spaniya ya nuna a 1994, inda gwamnatoci 92 suka yarda cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, ta gyara koyarwarta daidai da shi.

Rabin gyaran ba ya cin ko dala. Yaro mai raunin gani a zaunar da shi gaba, hasken taga a bayansa, malami ya yi manyan baƙaƙe kuma ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa a allo. Mai raunin ji yana karanta leɓe ne, don haka malamin da ya juya baya yana magana ya yanke masa darasi. Lissafi da tsakuwa da karan gero yana shiga hannun makaho kamar yadda yake shiga idon kurma. Mai jinkirin fahimta a raba masa aiki gunduwa-gunduwa, a ƙara masa lokaci, a haɗa shi da abokin zama mai haƙuri. Gurgu kuwa ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Matakalar aji da ƙofar makewayi ne ke korarsa.

Sauran rabin sai da horo da kayan aiki. Rubutun makafi da Louis Braille ya fitar a Faransa a 1829 ɗigo shida ne kawai, waɗanda ake jujjuyawa su ba da alamomi 63. Ana huda takarda da tsinke daga dama zuwa hagu, a juya ta, a karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Malamin da bai iya shi ba ba zai duba aikin ɗalibinsa ba. Kurma ma yana zuwa da maganar hannu ta gida, sai ya tarar da Faransanci da bai taɓa ji ba. Ga aji cike maƙil, wani ma na zana ne, ga malamai da yawa ƴan kwantaragi masu gajeren horo. Muddin makarantun horon malamai ba su mai da braille da maganar hannu darasi na kowa ba, za a rubuta sunan yaro a rajista, ya wuni zaune a aji bai ƙaru da komai ba.

Attajiran Tasawa da Mayayi ba su taɓa ƙyashin sadakar Juma'a ba. Allon braille da tsinkensa, ko buhunan siminti biyu na gyaran ƙofar aji, su ma sadaka ce, kuma mai gudana. Sarkin makafi da masu unguwanni sun san kowane gida da ake ɓoye yaro saboda kunya. Idan sufetan makarantu ya zauna da su kafin buɗe lakwal a watan Oktoba, za a san yara nawa ne ke jira, da ƙauyen da kowanensu yake.