Yadda Ciyawar Roba Ta Sauya Wasan Hoki

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Haka ta faru ga wasan hoki, wanda wasunmu suka fi sani da ƙwallon gora. Bari mu duba yadda sauya fili kawai ya sauya zakarun duniya.

A da, a kan ciyawa ta Allah ake yin wasan. Irin wannan fili ba ya rasa gargada, ƙwallo takan yi tsalle, ta kauce, ta rage gudu. Saboda haka gwani shi ne mai laushin hannu, wanda ya iya yanka da gajeren miƙo. A nan Indiya da Pakistan suka gagara. Daga 1928 zuwa 1968, duk zinariyar hoki ta maza a wasannin Olamfik tsakaninsu ta tsaya. Indiya ta ci sau shida a jere, daga 1928 zuwa 1956, kuma har yau ana tunawa da gwaninta Dhyan Chand.

A 1976, a birnin Montreal na Kanada, aka fara yin hoki na Olamfik a kan ciyawar roba. Wannan shimfiɗa ce mai santsi, akan kuma jiƙa ta da ruwa kafin wasa, don ƙwallo ta yi gudu, wanda ya faɗi kuma kada ya goge fata. A kanta ƙwallo takan tafi ɗoɗar kamar kibiya. Sai dogon miƙo da ƙarfin bugu da juriyar gudu suka zama abin dogara. A shekarar nan New Zealand ce ta ci zinariya, Indiya kuwa ta zo ta bakwai, ta koma gida hannu rabbana a karo na farko.

Gaskiya ne Jamus ta Yamma ta riga ta ci a 1972 tun ana kan ciyawa, amma roba ta ƙara buɗe tazarar, domin tana da tsada ƙwarai. Holan da Jamus da Ostareliya sun shimfiɗa ta a kulob-kulob, yaransu suka tashi a kanta. Yaron Indiya ko Pakistan kuwa sai ya girma kafin ya taka ta, sa'an nan ya soma koyon wasan sabo. Indiya ta ci zinariya ta ƙarshe a 1980, Pakistan a 1984. A 2008 Indiya ba ta ma sami shiga ba, Pakistan kuma ta rasa gurbi a 2016 da kuma gasa biyu da suka biyo baya.

Amma Indiya ba ta zauna tana kuka ba. An gina filayen roba, musamman a jihar Odisha, wadda ta ɗauki nauyin ƙungiyar ƙasa a 2018. A Tokyo, a 2021, Indiya ta sami tagulla bayan shekara 41 ba lamba, ta sake samu a Paris a 2024.

'Yan'uwa ɗalibai, Allah yana ba kowa baiwa, amma baiwa tana bukatar wurin horo da ya dace da zamani. Mu riƙe ƙwarewar da muka gada, mu kuma koyi sabuwar rawa tun da sauran ƙuruciya.