Jan Tafi-da-Gidanka A Hanyoyin Dajin Ostireliya

Ƙasar Ostireliya ta fi Nijeriya girma har sau takwas, amma mutanenta ba su kai miliyan 30 ba, yawancinsu kuwa a bakin teku su ke zaune. Tsakiyar ƙasar daji ne fetal, sai shanu da tumaki da gidajen masu kiwo jefi-jefi. Can ne makiyayar Anna Creek ta ke, wadda a ke cewa duk duniya babu makiyayar shanu mai faɗinta. Mota ta kan daɗe tana tafiya cikin dajin nan ba ta gamu da 'yar'uwarta ba.

To, mutanen ƙasar suna da wata al'ada. In sanyinsu ya shigo, watau daga Mayu zuwa Satumba, sa'ad da a ke damina a ƙasar Hausa, sai dubbai su ɗaura wa motocinsu wani ɗaki mai ƙafafu, su nausa daji yawon buɗe ido. Ɗakin nan tirela ce, amma cikinta akwai gado da murhu da firji da tankin ruwa, sabo da haka sunan da ya dace da ita shi ne tafi-da-gidanka. Iri biyu ce. Akwai wadda aka ƙera musamman domin daji, mai tsayin ƙafa da ƙaƙƙarfan ƙarfe, ga ta da tsada. Akwai kuma ta kowa da kowa, wadda aka yi domin kwalta. Masu wannan ta biyun kullum tambayarsu ita ce, shin za ta jure hanyar burji ko kuwa? Amsar tana da amfani ga duk wanda ya taɓa ɗaura tirela bayan tarakta ko a-kori-kura.

HANYOYIN SHANU NE

Da fari sai a san cewa ba don masu yawo aka yi hanyoyin nan ba. Hanyar Birdsville, mai tsawon kilomita 517 daga Marree zuwa Birdsville, burtali ce tun ƙarni na 19, a da ta nan a ke koro shanu daga Queensland zuwa tashar jirgin ƙasa. Gwamnati ta haƙa rijiyoyin burtsatse a gefenta domin shanu, ruwan waɗansu kuwa da zafi ƙwarai ya ke fitowa. Wurin shan mai guda ɗaya ne tak a tsakaninta, a Mungerannie. Hanyar Gibb River ta arewa maso yamma, kimanin kilomita 660, watau ta ɗara nisan Kano zuwa Maiduguri, an gina ta bayan 1960 domin motoci su kai shanu tashoshin jirgin ruwa na Derby da Wyndham. Ta Oodnadatta kuwa, kimanin kilomita 620, tana bin tsohuwar hanyar dogo, ta ratsa makiyayar Anna Creek ɗin nan.

Hanyar burji ba ta da hali ɗaya. Ran da motar gyaran hanya ta bi ta, sai a same ta sumul. Bayan wata guda, in motoci sun yi ta bi, sai ta koma wata aba dabam. Sabo da haka labarin wanda ya bi hanya bara ba abin dogara ba ne. Wanda ya fito daga cikinta jiya shi a ke tambaya, da ofishin hukumar hanyoyi.

GARGADA ITA CE BABBAR ABOKIYAR GABA

Gargadar can da ta nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A 1963 wani masani na ƙasar, Keith Mather, ya bayyana gwajin da ya yi: ya sa ƙafar taya ta yi ta kewaya bisa yashi. In tana tafiya sannu ƙwarai, yashin ya kan zauna lafiya lau. Da zarar an ƙara mata gudu, sai ta ɗan yi tsalle a kan ƙaramin tudu, ta faɗo ta tura yashi gaba, ta ta da wani tudun, har wurin duka ya zama kunya-kunya kamar gonar gyaɗa. Ashe gudu ne ke haifar da gargada.

Abin da ta ke yi wa tafi-da-gidanka ta kwalta ba kaɗan ba ne. Yawancin irin wannan tirela sifirin kaɗai gare ta, sau da yawa babu shokazoba mai shanye jijjiga. Don haka duk bugun da ƙafa ta sha sai ya hau har cikin ɗaki. Noti ya kwance, ƙofar kabad ta ɓalle, firji ya bar mazauninsa, bututun ruwa ya tsage, daga bisani sifirin kansa ya karye. Direba yana gaba cikin mota mai taushi, bai san abin da a ke ciki a baya ba sai ya tsaya.

Maganinta abu biyu ne, kuma tare su ke tafiya: rage iska da rage gudu. Tayar da a ke ba iska 40 a kwalta, a kan sauko da ita wajen 28 ko 30, ta mota da ta tirela duka. Taya mai taushi tana shanye jijjiga, tana kuma lanƙwasa bisa dutse mai kaifi maimakon ta huje. Amma fa tayar da aka rage wa iska tana saurin zafi, in aka yi gudu da ita fashewa za ta yi. Sabo da haka ba a wuce kilomita 80 a awa ko da hanya ta yi kyau, mai jan tirelar kwalta kuwa sau da yawa 40 ko 50 ta ishe shi. In an komo kwalta sai a mai da iskar, watau dole famfo da geji su kasance cikin mota.

Direbobi su kan ce in an taka mota sosai, sai ta bi ta kan gargada ba a ji. Gaskiya ne jijjiga ta kan ragu, amma dalili shi ne tayoyin suna taɓa kawunan tudun kaɗai. Motar da rabin tafiyarta a iska ta ke, ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. In ta iso kwana da tirela a baya, tirelar ce za ta tura ta cikin daji.

YADDA A KE ƊAURA KAYA

Dokar ƙasar ta ce tirelar da ta wuce kilo 750 da kayanta lalle ta kasance da birkin kanta, wadda ta wuce kilo 2,000 kuwa sai da birki mai kama kansa in ta tsinke daga mota. Ƙa'idar masu ja ita ce kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela ya sauka bisa maɗaurin mota. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa-ƙasa, daidai kan ƙafafu. In aka tara nauyi a baya, sai tirela ta fara kaɗa wutsiya, tun tana yi kaɗan har ta kifar da motar. In ta fara, ba a taka birkin mota da ƙarfi. A ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari sosai, a kama birkin tirelar kaɗai in akwai. A tuna kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, watau tanki biyu da jarkoki sun isa su kai tirela inda sifirinta ba zai iya ba.

TSAKUWA, ƘURA DA RAFI

Tsakuwar da tayar mota ta watsa ta kan bugi goshin tirela ta dawo ta fasa gilashin bayan motar. Masu dabara su kan ɗaura raga tsakanin mota da tirela, su manna kwali a gilashin, su naɗe bututun ruwa da wayar birki na ƙarƙashi da tsohuwar roba. Akwai kuma wata ƙura mai laushi kamar toka, wadda ta kan cika rami har ya yi daidai da hanya, sai ƙafa ta faɗa a sani. Ita ce kuma ke shiga ɗaki ta kowace kafa. A kan toshe kafofin, amma in firji yana aiki da gas ba a toshe masa mashaƙar iska.

Rafi kuwa, tirelar kwalta gajera ce, gindinta ya kan daki gaɓa wajen fita. A kan tsaya ƙafafu su huce tukuna, gama boris mai zafi in ya shiga ruwan sanyi zuƙo ruwan ya ke yi, giris ya lalace. A waɗansu wurare mutum ya kan shiga da ƙafa ya gwada zurfi, amma ban da kogin Pentecost na hanyar Gibb River, sabo da kadoji. Da daminar arewacin ƙasar, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, a kan rufe hanyar. Wanda ya bi rufaffiyar hanya tara za a ci shi, domin sawun da ya bari cikin laka shi ne zai hana motar shanu wucewa in ta bushe.

HAƘƘIN MAI KIWO

Motocin shanu na can su kan ja tirela uku a jere, tsawonsu har mita 53 da rabi. Irin wannan ba ta kaucewa, ba ta tsayawa da wuri. Mai tafi-da-gidanka in ya hango ƙurarta sai ya raɓe gefe ya tsaya har ƙurar ta kwanta. Yawancin makiyayun ba su da shinge a bakin hanya, ga shanu, ga kangaru, ga raƙuman daji, jikokin waɗanda aka kawo daga ƙasashen Indiya da Afganistan a ƙarni na 19. Don haka ba a tafiyar asuba ko ta almuru. Ƙofar makiyaya, yadda aka same ta haka a ke barinta. Ba a kuma sauka kusa da mashaya, gama shanun daji in sun ga baƙo sai su ƙi zuwa shan ruwa.

IN MOTA TA TSAYA

Nan ne maganar ta zama ta rai. Ran 2 ga Janairu 1960 zafi ya kai digiri 50.7 a Oodnadatta. Cikin Disamba 1963 wani iyali na mutum biyar, waɗanda suka ƙaura daga Ingila, suka saki hanyar Birdsville bisa kuskure, mai ya ƙare musu, suka bar motar suka tafi da ƙafa. Ƙishirwa ta kashe su duka. Cikin Disamba 1998 kuma motar waɗansu baƙi biyu daga Ostiriya ta kafe cikin yashi kusa da tafkin Eyre. Macen ta mutu a hanya tana neman taimako, namijin da ya koma wurin mota ya tsira. Da 'yan sanda suka iso, iskar tayoyin suka rage, suka ɗan yi haƙa, motar ta fita.

Sabo da haka dokar daji ita ce: kada a bar mota. Tana da inuwa, tana da ruwa, jirgin sama kuma ya fi saurin ganinta bisa ga mutum. Kafin a tashi a gaya wa wani hanyar da za a bi da ranar isa. A ɗauki safaya biyu, da boris, da shebur, da mai fiye da lissafi, da ruwan sha na kwanaki ban da na tanki, tun da tanki na iya hujewa. Wayar hannu ba ta aiki a yawancin dajin, sai wayar tauraron ɗan'adam ko na'urar kiran agaji. Akwai likitocin jirgin sama, aikin da John Flynn ya kafa a 1928, amma sai an kira su su ke zuwa.

To, tirelar kwalta za ta iya? A hanya mai kyau, da rani, da sannu, tana iyawa, mutane da yawa sun kai sun komo. A muguwar gargada da yashi da rafi ba wurinta ba ne, masu hankali su kan ajiye ta a gari su shiga da mota kaɗai. A duba takardar inshora kuma, gama waɗansu ba su biya in ɓarnar ta auku a irin hanyoyin nan.

Manomin da zai ja tirelar taki ko ta hatsi a hanyar burji, ka'idarsa ke nan shi ma: nauyi bisa ƙafafu, iska daidai da hanya, a tsaya a kai a kai a taɓa boris a ɗaure noti. Buhun da aka ƙara don a rage sawu ɗaya, sau da yawa shi ne ke kwanar da kaya a daji. Tafiya sannu sannu kwana nesa.