Amalanke a Ƙasar Damagaram

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Mirriya zuwa Damagaram ran Alhamis da asuba ya san abin da zai tarar. Amalanke ne bayan amalanke, wannan da kara, wancan da harawa, wani da buhunan hatsi, duka sun nufi kasuwar Dole. Ido ya saba da su har ba a lissafa su cikin kayan ci gaba. Alhali kuwa cikin dukan kayan aikin gona da hukuma ta shigar karkararmu tun samun mulkin kai a 1960, babu wanda ya zauna daram kamar amalanke. Dalilin haka ya kamata manomi ya sani, ma'aikaci ma ya sani.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram matattarar ayari ce. Raƙuma ke sauko da gishirin Bilma, su ke kai fatu da gashin jimina har Tarabulus. Amma wannan sha'anin fatake ne. Talaka a ƙauye abin ɗaukar kayansa uku ne: jaki da mangala, takarkari da taiki, sai kuwa kai da gammo. Ko bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin neman kuɗi, motoci suka fara jigilarta daga Magariya da Matamai zuwa kudu, daga gona zuwa sikeli dai dabba ce ke kai ta, ko mutum.

Cikin 1962 aka kafa UNCC, hukumar bashi da ƙungiyoyin manoma, aka kuma kafa SONARA mai sayen gyaɗa. A 1967 asusun bashin manoma, watau CNCA, ya biyo baya. A farkon shekarun 1970 aka buɗe aikin nan da ake kira 3M, saboda Mirriya da Magariya da Matamai, da kuɗin asusun FED na ƙasashen Turai. An kuma kafa masana'antar UCOMA a Damagaram don ƙera kayan noman shanu, kamar yadda aka kafa ACREMA a Tawa da CDARMA a Doso. Nufin masu tsarin shi ne manomi ya karɓi shanu biyu da garma da injin shuka da amalanke a bashi, ya biya a kasuwar gyaɗa.

To, ga abin da ya faru. Yawancin gonakinmu jigawa ce. Ƙasa ce mai laushi, wadda hauyar tsaye ke gamawa da ita da sauri, garma ba ta ƙara mata abin kirki, wani wurin ma sai ta buɗe ta iska ta kwashe. Kuma garma aikinta kwanaki ne ƙalilan a shekara, sauran watanni tana jingine a zaure, bashi kuwa bai jingine ba. Amalanke fa? Da kaka shi ke kwaso dammunan hatsi zuwa rumbu. Da rani ya kai taki, ya ɗauko tubali da itace da tanon ruwa. Ran kasuwa ya yi haya. Da dare in mace ta shiga naƙuda mai wuya, shi ne motar asibiti. Manomi bai buƙaci malamin gona ya yi masa wannan lissafi ba.

Sai masifu suka jero. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin shekara, noman gyaɗa bai sake komawa yadda yake ba. Da gyaɗa ta faɗi, hanyar biyan bashi ta toshe. Farin 1984 ya ƙarasa abin da ya rage, mutane da yawa suka sayar da shanun noma don su sayi hatsi. A tsakiyar shekarun nan na 1980 aka rushe UNCC, bashin kayan noma ya tsaya. Garemani da yawa tsatsa ta ci su. Amalanke kuwa bai mutu ba, sai ma ya yaɗu, don masu walda na gari da maƙera sun karɓi aikin. Su samo ƙarfen ƙafafun tsohuwar mota, su ɗora masa shimfiɗar katako ko ta ƙarfe, su sa tayoyin gwanjo. Wanda ba ya da halin shanu ya sayi na jaki.

Inda amfaninsa ya fi girma, a ganina, shi ne wajen taki, kuma nan ne aka fi mantawa da shi. A ƙasar Kance da Magariya jama'a ta yi yawa, ba a sauran barin gona ta huta kamar yadda kakanni ke yi. Gonar da ba ta hutawa kuwa sai da taki. Kowa ya lura gonakin bakin gari sun fi na daji kyau, ba don ƙasarsu ta bambanta ba, sai don nan ne ƙafa ke iya kai taki. Mu yi lissafi. Mu ɗauka mutum na son kai tan 3 na taki gonar da ke da nisan kilomita 4. Jaki da mangala zai ɗauki kamar kilo 60, watau sawu 50 ke nan, zuwa da dawowa kilomita 400. Wane magidanci ne zai yi wannan tafiya a cikin zafin bazara? Amalanken shanu, ko da an rage masa kaya saboda yashi ya ɗauki kilo 600, sawu 5 ya gama. Kwana biyu ko uku. Saboda haka amalanke ba hatsi kaɗai yake kawowa gida ba, shi ke mayar wa gona abin da aka ɗebe mata.

Amma fa a nan akwai abin dubawa. Wanda ba ya da amalanke sai ya biya haya, in kuwa babu kuɗin haya, takin gidansa ya kan sayar wa mai amalanke. Ta haka ƙarfin gonar talaka ke komawa gonar mai hali, sannu a hankali, ba tare da an yi shari'a ba. Mata kuma, da su ne suka fi kowa ɗaukar ruwa da itace a ka, ba safai amalanken gida ke zuwa hannunsu ba. Duk ƙungiyar da ke shirin raba kayan aiki, ya kamata ta fara tambayar wa zai riƙe linzami.

Baro ba shi da dogon bayani. Tayarsa ɗaya ce, yashi ke riƙe ta, nauyi kuma na komawa hannun mai turawa. Wurinsa lambu ne, kamar na Gidimuni da na fadamun Korama, da wurin gini, da cikin kasuwa. Ba abin zuwa gonar daji ba ne.

Tarakta kuwa kowa na sha'awarta, kuma tirelarta na ɗaukar abin da amalanke da yawa za su ɗauka. Sai dai tana shan gazuwal, kayan gyaranta daga waje suke zuwa, tun kuma da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 kowa ya ga abin da dogaro da kayan waje ke jawowa. Gonakinmu ƙanana ne, a warwatse, hanyoyinsu matsattsu. Shi ya sa mai tarakta ya kan fi samun kuɗinsa a jigilar yashi da tsakuwa ga masu gini. Babur mai ƙafa uku ya shigo, yana kuma da sauri a kan kwalta da burji, amma da ya sauka cikin rairayi sai a koma neman shanu.

Akwai gyara guda da ba ya cin ko dala. Amalanke mai taya biyu kamar sikeli yake. In kaya ya yi gaba, nauyi ya danne bayan jaki ko wuyan sa, nan ne gyambo ke fitowa. In ya yi baya, ya ɗaga dabba, ƙafarta ta rasa kamun ƙasa. Mai nauyi a ɗora shi daidai kan tayoyi, a rinjayar da shi gaba kaɗan. A sa tsumma mai kauri ƙarƙashin sirdi, a goge karkiya ta yi santsi, a duba iskar taya kafin a fita, don taya mai laushi ta fi jawo gajiya a kan tsandauri.

Jakin kansa ma ya shiga haɗari. Sinawa na sayen fatarsa don haɗa wani magani, sai fatake suka dinga kwasar jakuna suna ƙetare iyaka da su, kuɗin jaki ya yi tashin da ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna waje. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, suka amince da hana yanka jaki saboda fatarsa a dukan nahiyar. Iyakarmu da Nijeriya doguwa ce, daga Magariya zuwa Dungas hanyoyin daji ba su ƙirguwa, jaki kuwa ba ya buƙatar kwalta kafin ya ƙetare.