Yadda Toshe Ƙofar Homon Ke Hana Sankarar Mama Girma

Mace daga Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da aka gano tana da sankarar mama takan bi ta Funtua zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Bayan tiyata, wasu sukan dawo gida da ƙwaya da za su sha kullum har shekara 5 zuwa 10. Mene ne aikin wannan ƙwayar?

Jikin mace yana yin wani sinadarin homon mai suna istrojen. Ƙwayoyin wasu sankarar mama suna ɗauke da wurin karɓar wannan sinadarin, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Idan istrojen ya shiga, sai kwaɗon ya buɗe, sankarar ta ƙara yaɗuwa. Maganin tamoxifen yana shiga wannan kwaɗon ya zauna, kamar mabuɗin da ya karye a ciki. Istrojen ya zo, babu hanya.

Tun a 1896 wani likita a Gilasgo, George Beatson, ya lura cewa cire ƙwan haihuwar mace yana rage ƙarin mama. A 1977 Amurka ta amince da tamoxifen. Bincike ya nuna cewa shan sa shekara 5 yana rage mutuwa daga irin wannan sankarar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Maza masu sankarar mafitsara ta furostet ma ana toshe musu homon na maza da magani kamar bicalutamide.

Amma ba kowace sankara ce ke da wannan kwaɗon ba. Shi ya sa dole a gwada tsokar da aka yanko a ɗakin gwaji. Idan babu kwaɗon, ƙwayar ba za ta yi komai ba, sayen ta a kyamis ɓata kuɗi ne da lokaci.

Maganin yakan kawo zafin jiki da zufa. Idan kika ga jini ba lokacin al'ada ba, ko ƙafa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ki je asibiti nan take. Mai ciki ba ta shan sa.

Ciwon yakan dawo bayan shekaru ko da ƙarin ya ɓace. Saboda haka, idan hanya ba lafiya ko damina ta tsare ki, ki karɓi maganin wata biyu ko uku tun da wuri. Kada ki daina sai likita ya ce.