Kwana uku a Bejin: sai an shirya ziyarar tun daga gida

Ƴan kasuwar Maradi da Damagaram da ke zuwa Gwanzu saro kaya sukan yi sha'awar ƙara kwana biyu ko uku su leƙa Bejin, babban birnin ƙasar Sin, wanda masu jin Faransanci ke kira Pekin. Tafiyar ba wuya: jirgin ƙasa mai gudun tsiya yana cinye kilomita kusan 2,300 da ke tsakanin biranen biyu cikin awa takwas ko sama da haka kaɗan. Wuyar tana bakin ƙofa. Mutum na iya isa da biza a fasfo da kuɗi a aljihu, amma a hana shi shiga wurin da ya zo gani, don kawai bai yi rajista ta intanet ba tun kafin ya taso.

Misali mafi girma shi ne tsohuwar fadar sarakuna, wadda ake kira Haramtaccen Birni. An kammala gina ta a 1420, kuma sarakuna 24 suka zauna cikinta. Yau gidan tarihi ce, ba ta buɗewa ranar Litinin, kuma ba a sayar da tikiti a ƙofa. Ana sakin tikiti ta intanet kwana bakwai kafin ranar shiga, da ƙarfe 8 na dare agogon Bejin, wato ƙarfe 1 na rana a Yamai, tunda awa bakwai ke tsakani. Lokacin hutu yakan ƙare nan da nan. Kuɗin ba yawa: yuwan 60 daga Afrilu zuwa Oktoba, kusan jikka biyar ke nan, da sanyi kuma 40. Tikitin yana haɗe da lambar fasfo, saboda haka fasfon ne kansa ake nunawa. Wanda ya bar nasa a otal don tsoron ɓata, ya yi asarar yininsa.

Dandalin Tiyananmen da ke gaban fadar kyauta ne, amma shi ma sai da rajista, ga binciken jami'an tsaro da ke cin lokaci. Dabara ita ce a ba wa wannan yanki yini guda cur. Ana shiga fadar ta ƙofar kudu, a fita ta arewa, kuma daidai wurin fitar akwai tudun Jingshan, inda ake hango rufin fadar gaba ɗaya, jere, launin rawaya. Tafiyar ƙasa ce mai tsawo, sai da takalmin kirki.

Yini na biyu na Babbar Ganuwa ne. Ba cikin gari take ba. Sassan da aka fi zuwa suna da nisan kilomita kusan 70. Badaling ya fi sauƙin isa, domin jirgin ƙasa na kai mutum cikin ƙasa da awa ɗaya, sai dai a nan cunkoso yake. Mutiyanyu ya fi sakewa, kuma akwai keken igiya mai haurawa da mutane, abin da zai taimaki dattijo ko mai ciwon gwiwa. Haɗa fada da ganuwa a yini ɗaya ganganci ne, ko da wani mai mota ya ce zai iya.

Sai batun waya. A Sin, WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a kan intanet ɗin ƙasar. Ɗan kasuwar da ya saba Gwanzu ya san haka, amma wanda ya zo karon farko yakan wayi gari ba ya iya kiran gida, ba ya iya duba taswira. WeChat ne ake magana da shi, kuma da shi ko Alipay ake biyan kusan komai, daga tasi har shayi. Dukansu biyu suna karɓar katin banki na waje irin Visa. Gara a haɗa katin tun ana Yamai, lokacin da saƙon tabbatarwa na banki ke iya shigowa layin gida. Doka ta ce a karɓi tsabar kuɗi, amma mai shago sau da yawa ba shi da canji.

Metro ya fi tasi arha da sauri, kuɗinsa yana farawa daga yuwan 3, kuma an rubuta sunayen tashoshi da haruffan boko. A kula da filin jirgin sama: biyu ne, tsohon na arewa maso gabas da sabon na Dashin a kudu, wanda aka buɗe a 2019, kuma tazararsu babba ce. A tambayi otal tun da wuri ko yana saukar da baƙi ƴan waje, domin shi ne ke yi musu rajista wurin ƴan sanda. Wanda ya sauka gidan ɗan'uwa ɗalibi, shi da kansa zai je ya yi cikin awa 24.

Abinci ba abin damuwa ba ne ga Musulmi in ya san inda zai nufa. Unguwar Niyuje, ma'ana Titin Shanu, mazaunin Musulmi ƴan ƙabilar Hui ce, kuma masallacinta, mafi tsufa a birnin, an kafa shi a 996. Gininsa irin na Sinawa ne, da rubutun Larabci a ciki. Gidajen abinci na halal sukan sa koren allo, wasu da rubutun Larabci. Rabin yini na uku zai iya tafiya a nan, sauran rabin a Haikalin Sama, inda sarakuna ke zuwa roƙon damina mai albarka.

Kan lokaci kuwa, baje kolin Gwanzu yana faɗowa Afrilu zuwa Mayu, da Oktoba zuwa Nuwamba, kuma nan ne yanayin Bejin ya fi daɗi. A kauce wa kwanakin farko na Mayu da makon farko na Oktoba, lokacin da Sinawa kansu ke hutu, tikitin jirgi da na fada duk su yi wuya. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi yana sauka ƙasa da sifili, irin wanda rigar sanyin hunturun Tawa ba ta iya tarewa.