Wa Ya Karɓi Kuɗin Malamar Tsafe?

Kuɗi sun fita daga asusun ƙungiya, banki ya tabbatar an biya, amma mai kuɗin ba ta ga alat ba. Ƙarar da wata malamar firamare ta kawo ke nan daga Tsafe zuwa hedikwatar wata ƙungiyar adashin malamai a Gusau, mai rassa a Tsafe da Bungudu. Shekara guda ana yankar albashinta, ranar kwasa ta zo ta wuce, shiru.

Sakatare ya buɗe kwamfuta a gabanta. Ga sunanta, ga lambar asusunta mai lamba 10, daidai da wadda ke wayarta. "Malama, ki koma bankinki, matsalar ba daga wajenmu take ba," in ji shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, daga can nake, sun ce ko kwabo bai shigo ba." Har aka fara raɗe-raɗin ko ta karɓa ne ta musanta. Wannan zargi ya fi asarar kuɗin yi mata ciwo.

Da shugaban ƙungiya ya kira wani matashi masanin rumbun bayanai, abin da ya fara faɗa shi ne kada kowa ya sake taɓa kwamfutar. Ya ce abin da allo ke nunawa halin da ake ciki ne yau kawai, ba ya faɗin abin da ya faru jiya. Amma manhajar SQL Server da suke amfani da ita tana da wani kundi na daban, wanda take rubuta kowane canji a cikinsa kafin ta aiwatar. An ƙirƙire shi ne don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, a san abin da aka kammala da wanda za a soke. Kamar littafin bashin mai shago yake, wanda ba ya goge layi, sai dai ya ƙara sabo a ƙasa.

Tambayar farko ita ce ko kundin yana nan. Rumbun da aka saita a kan tsari mai sauƙi yakan sake rubutu a kan tsoffin layuka, sawu ya ɓace. Nasu a kan cikakken tsari yake, kuma ana ajiye kwafin kundin kowane dare. Ya ɗauko kwafin makon biya, ya karanta shi da umarnin fn_dump_dblog, ya tace layukan da suka shafi jadawalin mambobi.

Nan ƙulli na farko ya kwance. An taɓa layin malamar sau biyu. Ranar Juma'a aka cire lambar asusunta aka sa wata. Ranar Litinin da safe akanta ya fitar da jerin biya ya aika banki. Ranar Talata aka mayar da lambarta ta asali. Sakatare bai yi ƙarya ba, banki ma haka, malama kuma gaskiyarta ce.

Sai batun wanda ya yi. Kowane aiki a kundin yana ɗauke da lokacin da aka fara shi da shaidar mabuɗin da aka shigo da shi. Sai dai duk ma'aikata ta manhaja ɗaya suke shiga, ita kuma da mabuɗi ɗaya take magana da rumbun, don haka sunan manhajar kawai ya bayyana. Masanin ya koma jadawalin da manhajar ke rubuta shiga da fitar ma'aikata. Ranar Juma'ar babu komai a wurin. Amma sharewa ma aiki ne, kuma kundin yana riƙe da abin da aka share. Layukan da aka goge suka fito da sunan tsohon kashiyan reshen Bungudu.

Wasu suka ce magana ta ƙare, a kai shi ga 'yan sanda. Shugaba ya dakatar da su. Dattijon nan ya yi ritaya da daɗewa, an kuma rufe mabuɗinsa tun ranar da ya miƙa makullai. Aka duba jadawalin masu izinin shiga, sai ga canji biyu a layinsa a kowace ɗaya daga ranakun nan biyu, Juma'a da Talata: an buɗe tare da sabunta lambar sirri, bayan 'yan mintoci an sake rufewa. Aron sunansa aka yi. Shi kuma aikin buɗewar da na sharewar, kai tsaye aka yi su da babban mabuɗin rumbun, wanda mutum uku suka san lambar sirrinsa: sakatare, akanta da akawu.

Lokaci ne ya raba gardama. Kundin ya nuna ƙarfe 1:05 na ranar Juma'a, sa'ar da dukansu uku ke ofis ɗaya, kowa yana ganin allon ɗan'uwansa. Masanin ya tambayi inda uwar kwamfutar take. Ashe haya aka ɗauka a ƙasar waje, agogonta a kan lokacin duniya na UTC yake, Nijeriya kuwa tana gabansa da awa ɗaya. Ke nan ƙarfe 2:05 ne a Gusau, ana sahu a masallaci.

Aka kira maigadi. "Baba, ranar nan wa ya rage a ofis?" Ya ce, "Alhaji, duk kun fita tare, amma akawu ya dawo, ya ce ya manta waya." Saura hujja ɗaya. Shugaba ya sa baƙuwar lambar asusun a manhajar bankinsa kamar zai tura kuɗi, suna ya fito: ƙanin akawun ne. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da BVN a 2014, ɓoye mai asusu ya yi wuya. Akawu ya amsa, aka biya malama, aka je har gida aka ba dattijon Bungudu haƙuri.

Abin da ya faru a ƙaramin ofishin nan shi ne ke faruwa a manya. A farkon 2025 gwamnatin Dauda Lawal ta sanar cewa tantancewa ta gano ma'aikatan bogi 2,363 a jerin albashin Zamfara, da ƙananan yara 220 da ke karɓar albashi. Tantancewa tana cire sunan bogi, amma kundin canje-canje ne ke nuna hannun da ya shigar da shi da ranar da ya yi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar bayanan kwamfuta a matsayin hujja, muddin an cika sharuɗɗansa.

Don haka shugabannin ƙungiyoyi, makarantu da ma'aikatu, ku tambayi mai kula da kwamfutarku yau: ana ajiye kundin nan, kuma a hannun wa kwafinsa yake? Ku ba kowane ma'aikaci mabuɗinsa shi kaɗai, ku daidaita agogo, kada a canza lambar asusun kowa sai mutum biyu sun sa hannu. Duk ofishin da ya yi sakaci da wannan, wata rana zai ɗora wa mai gaskiya laifin ɓarawo.